Shafin da Na Naɗe Gyaɗa a Ciki

Kakana bai taɓa tsallake takarda ba. In yana tafe ya hango ko ɗan yagin shafi ne a ƙasa, sai ya jingine tsintsiya, ya sunkuya da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya ɗauka, ya hure ƙurar, ya soka a aljihun jallabiya. Kafin azahar aljihun ya kumbura kamar ya cusa kaza a ciki. Yara su yi ta dariya, malamai su girgiza kai, shi ko a jikinsa.

Shi ne gafir na makarantar ƙauyenmu, wato mai gadi, ko da yake gadin shi ne ƙaramin aikinsa. Shi ke buɗe ƙofa, shi ke shara, shi ke cika randunan ruwan sha, shi ke buga ƙararrawa, wadda ba komai ba ce illa guntun ƙarfen dogo da aka rataye a reshen darbejiya. Ƙauyen namu yana tsakanin tur'a, wato babbar hanyar ruwan noma, da gonakin auduga, ba nisa da Haj Abdalla. Kaka ya fara aikin tun makarantar tana ɗaki biyu na kara, ya bar ta da azuzuwa na bulo da katanga. Shugabannin makaranta, waɗanda muke kira nazir, sun zo sun tafi, shi yana nan, kuma da su yake lissafin zamani. Ba zai ce maka shekara kaza ba, sai dai ya ce zamanin nazir mai keke, ko zamanin wanda ba ya cin albasa.

Mahaifina shi ne ɗansa namiji tilo. Zazzaɓi ya ɗauke shi a lokacin cirar auduga, ina goye, sai ni da mahaifiyata muka zauna a gidan Kaka, bayan katangar makaranta. Sunan mahaifiyar Kaka aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai “uwata”. Na ci moriyar wannan suna iya ci. Na yi rashin ji mai yawa, ga baki kamar reza, amma ban tuna ranar da ya ɗaga mini murya ba.

Wata rana na tambaye shi me zai yi da tarkacen takardun nan. Kaka ya yi karatun allo, yana karanta Alƙur'ani sarai, amma rubutun malaman makaranta, wanda suke yi da sauri kamar kaji sun yi tono, ba ya gane ko harafi ɗaya a ciki.

Ya ce, “Uwata, ni ban san mi anka rubuta ba. Amma kowace waraga da bisimilla suka fara ta. In ma babu, rabin ɗiyan madarasag ga sunan Annabi gare su. In haɗa shi da kashin awaki in ƙone?”

Na ce, “To, na Turanci fa?”

Ya ce, “Wannan rabon akuya ne.”

A ƙarshen jerin azuzuwa akwai wani ɗan ɗaki da muke kira mahazan, inda ake ajiye alli da karyayyun bencina. Nan ne taskarsa. Buhuna ne rataye da igiya daga rufi don kada gara ta kai gare su, kowanne ya cusa masa ganyen darbejiya, kowanne kuma na zamanin nazir guda. A cikinsu har da tsofaffin daftarori na sunayen ɗalibai. Wata damina, kafin a haife ni, rufin ofis ya rufta, ruwa ya jiƙa su sharkaf, nazir na lokacin ya ce a ƙone su tunda sun lalace. Kaka ya ce to. Ya kwashe su ya kai bayan gida, ya shanya su shafi-shafi yana danne su da duwatsu, suka bushe suka kumbura, ya zuba a buhu. Nazir ya ga hayaƙin shara ya ɗauka an gama.

Ina aji huɗu mahaifiyata ta fara soya gyaɗa a yashi, da gishiri, ni kuma ina kai tire bakin ƙofar makaranta lokacin fatur, hutun karin kumallo na hantsi. Gyaɗa sai da takarda, a naɗe ta kamar mazurari a zuba. Takarda kuwa ba a samunta a banza a ƙauye irin namu. Na cinye tsohon littafina na lissafi, na cinye na 'yar maƙwabtanmu, har na fara yagar tsakiyar littafin da nake rubutu a ciki. Rannan Kaka yana ɗibar ruwa sai ya miƙo mini makullai ya ce in ɗauko wa malami alli a mahazan. Na buɗe ƙofa, na ɗaga kai, na ga buhuna cike da takarda suna lilo. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Na hau karyayyen benci na zura hannu a buhun da ya fi kusa. Abin da hannuna ya kamo wani daftari ne mai baƙin bango, shafukansa faffaɗa, masu kauri, kowanne zai naɗe gyaɗa ba tare da ya fashe ba. Ban ma duba abin da ke rubuce ba. Na yago uku na cusa a riga. Washegari na ƙirƙiro dalilin karɓar makullai na yago wasu. Na fi mako guda ina wannan aiki, kullum daga daftarin nan, kullum daga tsakiya don kada a gane. Mahaifiyata ta tambaye ni inda nake samu, na ce malama ce ke ba ni. Yara su sayi gyaɗa, su ci, su yar da takardar, iska ta ja ta, awakin ƙauye da ke zarya a bakin ƙofa saboda ƙanshin mai su bi ta a guje.

Sai wata safiya na tarar da tulin takardun jarrabawar Turanci a kan bencin da nake takawa, an yanka su murabba'i daidai girman naɗin gyaɗa, an ɗaure da zare. Na ce lallai ni mai sa'a ce. Na kwashe, kuma duk lokacin da suka kusa ƙarewa sai in tarar da wasu. Tun daga nan ban sake taɓa buhu ba, ba don na tuba ba, don dai na samu wanda ya fi sauƙi. Ban tsaya na tambayi kaina wane ne yake yanka takarda ya ɗaure da zare ya manta da ita a kan benci ba. Wayon yaro iyakarsa ke nan.

Shekaru suka wuce, na ci jarrabawa na tafi sakandare a gari, ina zaune wurin wata gwaggona. A can ne na koyi wani abu da har yau nake jin kunyarsa. In 'yan ajinmu suka tambayi aikin kakana, sai in ce yana aiki a fannin ilimi. Ban yi ƙarya ba, amma na san abin da nake ɓoyewa. A ƙauye an sha kirana jikar gafir ban damu ba, a gari kuwa, cikin 'ya'yan ma'aikata da 'yan kasuwa, kalmar ta yi mini nauyi a baki.

Da muka kai shekarar ƙarshe aka ce ba wanda za a rubuta sunansa a jarrabawar shahada sai ya kawo takardar jinsiyya, shaidar zama ɗan ƙasa. Shahada ita ce ƙofar komai, in babu ita duk karatun da na yi ya tashi a banza, sai in koma tiren gyaɗa. Kaka yana da tasa jinsiyyar tun da daɗewa saboda aikin gwamnati. Mahaifina ne bai taɓa yi ba. A gida aka haife shi, a gona ya yi rayuwarsa, ya rasu bai taɓa buƙatar wata takarda ba. Muka tafi ofishin jinsiyya ni da Kaka, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a da rawani. Jami'in bai yi mana wulaƙanci ba. Ya saurare mu, ya ce da Larabci, yana kiran Kaka ammu, wato baffa, “Ya ammu, na yarda da kai, amma bakinka kaɗai ba zai shiga fayil ba. Ku kawo mini wani abu rubutacce, tsoho, mai hatimi, da ya nuna uban yarinyar nan ɗanka ne.” Mu da kakanninmu suka taso daga yamma da niyyar Makka suka yada zango a nan, mun saba da irin wannan tambaya. Ranar Lahadi ce, kuma ranar Alhamis za a rufe rubuta sunaye.

A mota muna dawowa ina ta sharar hawaye da gefen mayafi. Da muka wuce gadar tur'a Kaka ya juyo ya dube ni.

Ya ce, “Bar kuka. Babanki ya yi madarasa har aji huɗu, zamanin nazir mai keke. An rubuta shi, ni da kaina nak kai shi ofis ina riƙe da hannunai.”

Muna sauka ko gida ba mu shiga ba, muka wuce mahazan. Ya nuna mini buhun ya ce in sauko da shi. Tun ina kan benci na fara tsarguwa, don bencin nan na san shi, buhun nan ma na san shi, shi ne ya fi kusa da ƙofa. Na kwance bakinsa, ganyen darbejiya ya zubo. Na zura hannu na ciro daftari mai baƙin bango.

Na zauna a ƙasa na fara buɗewa. Shafin farko da hatimin makaranta, sunaye jere, kowane da sunan uba, da ƙauye, da aikin uba. Na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wasu na san su, dattawa ne yanzu masu jikoki. Na wuce shafi, na wuce wani, babu mahaifina. Sai na kai tsakiya, inda babu komai sai ragowar gefen shafuka a jikin ɗinki, kamar haƙoran zarto. Na tsallake na duba na bayansu har bango. Babu shi. Na sake farowa daga farko, ko da yake na riga na san amsar. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni ce na yaga sunan ubana da hannuna na naɗe gyaɗa a ciki, na miƙa wa wani yaro ya ci ya yar wa akuya.

Kaka yana zaune a bakin ƙofa yana jan carbi. Da farko na yi niyyar in ce gara ce ta ci. Har na buɗe baki, sai na kalli ƙafafunsa, duk faso, ƙafafun da suka yi shekara da shekaru suna zagaya filin nan da tsintsiya, ƙaryar ta ƙi fita.

Na ce, “Kaka, shafin ba ya nan. Ni na yage shi. Ina aji huɗu, lokacin da nake tallan gyaɗa. Ni ce.”

Ya ce, “Na sani.”

Na ɗago kai.

Ya ce, “Tashi ki kama mani dutsen can.”

A kusurwar ɗakin akwai wani tsohon dutsen niƙa, wanda tun ina yarinya nake ganinsa ban taɓa tambayar me ya kawo shi makaranta ba. Muka kama muka gusar da shi. A ƙarƙashinsa akwai faranti na ƙarfe kife a kan wani, a tsakaninsu ƙunshi na tsohon rawani. Ya kwance a hankali. Shafuka ne, an miƙar da su sun kwanta lif, amma kowanne da sawun naɗi kamar fiffike, kowanne da tabon mai ya yi duhu. Ƙanshin tsohuwar gyaɗa ya bugi hancina.

Ya ce, “Ran da kinka fara, ina shara nig ga waragar daftar cikin ƙasa. Na gane ta, ai ni nash shanya ta. Kullum in an koma aji sai in bi in tsince. Goma sha tara kinka yage. Akuya ta riga ni ga uku.”

Na dube shi. Na ce, “Me ya sa ba ka hana ni ba?”

Ya ce, “In na yi magana, ke da wayonki sai ki kai tallan tasha, inda ba ni iya tsincewa. Gara ki ɓata nan gabana. Shi ya sa nay yanka maki na Turanci.” Ya ƙara da cewa, “Kuma wa ka yi ma uwatai faɗa?”

Uku sun tafi cikin akuya, goma sha shida suna gabana, kuma Kaka bai san ko na mahaifina yana cikin waɗanda ya ceto ba, tunda ba ya iya karantawa. Shekara takwas yana ajiye da su bai sani ba. Na ɗauki na farko. Mai ya sa tawada ta bazu a wasu wurare, sai na ɗaga shafin wajen hasken ƙofa. Na farko babu. Na biyu babu. Na riƙa ajiye su gefe, tulin da ya rage yana raguwa, Kaka ya daina jan carbin ya zuba mini ido. A na goma sha ɗaya, can ƙasa, kusa da inda wani yaro ya goge yatsunsa, na ga sunan.

Ranar ce na fara ganin sunan mahaifina a rubuce. Ba ni da hotonsa, ban san muryarsa ba, sai ga shi ɗan yaro a layi ɗaya na tawada. Gaba da sunansa sunan Kaka cikakke, gaba da shi sunan ƙauyenmu. A gidan ƙarshe, inda aka ce aikin uba, nazir mai keke ya rubuta: gafir na wannan makaranta. Kalmar da nake haɗiyewa a gari ita ce ta ɗaure ubana da kakana, ta ɗaure ni da su.

Kaka ya ce, “Karanta mani.” Na karanta. Ya ce in sake. Na sake. Ya karɓi shafin ya ɗora babban yatsansa a inda na nuna masa, ya daɗe bai ɗauke ba. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma bai ɓoye ba, ya bar su suka gangaro cikin gemu.

Ranar Talata muka koma ofis da daftarin gaba ɗaya da shafin a ciki, da wasiƙar nazir na lokacin, wanda ya sha mamaki da ya ji akwai irin wannan abu a makarantarsa. Jami'in ya jera yagin shafin da ragowarsa da ke jikin ɗinki, suka haɗu baki da baki. Ya duba hatimi, ya duba takardar Kaka, sannan ya kai shafin kusa da hancinsa ya ce, “Ya ammu, me ya sa takardar gwamnati take ƙanshin gyaɗa?” Ni na sunkuyar da kai, na so ƙasa ta tsage. Kaka ya ce da guntun Larabcinsa, “Uwata ce ta ara, ta mayar.” Jami'in bai gane ba, amma ya yi dariya ya buga hatimi. Ranar Alhamis da hantsi aka rubuta sunana.

Na roƙi Kaka ya bar mini shafin in ajiye. Ya ƙi. Ya ce kayan madarasa ne, kuma akwai sunayen 'ya'yan wasu a kai, wata rana su ma za su zo nema. Ya sa na dafa ƙullun gari muka manne duk goma sha shidan a wurarensu, ni ina duba lamba shi yana shafawa. Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, daga baya mutane da dama sun zo har daga wajen Wad Haddad, waɗanda iyayensu suka taɓa zama a ƙauyenmu, ana sauko musu da buhu. Wasu sun samu, wasu ba su samu ba. Akwai mutum ɗaya da ya zo neman sunan ubansa ya tarar yana cikin ukun da akuya ta ci. Ina nan a wurin. Kaka ya ba shi haƙuri ya ce laifinsa ne, bai yi saurin shara ba. Wannan nauyin nawa ne, kuma har yau ina ɗauke da shi.

Ya yi ritaya da gwiwa ta hana shi ɗaukar ruwa, amma kullum da safe sai ya dogara sanda ya zagaya filin, aljihunsa ya kumbura, ya kai wa sabon gafir. Ya rasu bayan na fara koyarwa da shekara biyu, da rana tsaka, ana cikin buga ƙararrawar tashi. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya tsince daga ƙasa ya zame masa nauyi a mizani. Duk abin da na zama, daga ƙarƙashin dutsen niƙan nan ya fito, kuma ban taɓa iya gode masa yadda ya kamata ba. Duk sa'ad da na fara sai ya ce in bari, in je in duba ko randuna sun cika.

Yanzu idan sababbin ɗalibai suka ga malamarsu ta tsaya a tsakar fili ta sunkuya ta ɗauki yagin takarda, sai su yi ta ƙus-ƙus suna dariya. Ni na iya karanta abin da ke jiki, na san sau da yawa lissafi ne kawai ko zanen kifi, amma hannuna ba ya jiran shawarata. Wata yarinya mai baki irin nawa ta taɓa tambayata ko a da ni mai shara ce. Na ce mata a'a, ban kai ba, ni jikar gafir ce.